Sandar Baba Direba

"Ba ni sandata, Tela."

Yana tsaye a bakin ƙofata, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, ɗayan riƙe da hularsa. Filastar da aka manna masa a gira ta fara ɓamɓarewa ta gefe saboda gumi. Ban ɗauke ƙafata daga kan keken ɗinki ba, don na san idan na tsaya na dube shi da kyau zan karaya.

"Baba, ina kwana? Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa tana nan ba ta gudu. Inuwa ce ke gudu. Goma saura kwata yanzu. Idan goma da rabi ta yi, ta bangon makaranta ta janye, shi ke nan na rasa yau ma."

"To ka rasa. 'Yarka ta ce kada ka fita."

"'Yata tana wani gari cikin ɗaki mai na'urar sanyi tana ba da umarni ta waya. Ke kuma kin zama 'yar sandarta."

Kwana na uku ke nan da na ɓoye masa sandar. Tana bayan bandiran yadin da na jingine a kusurwa, taku huɗu daga inda yake tsaye. Da ya san haka da ya shigo ya ɗauki abarsa, amma shi mutum ne da ba ya tsallake dokin ƙofar mace sai an ce masa bismillah.

Baba Direba muke ce masa a gidan, don shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari kafin ya ajiye aiki. Gidanmu bene ne mai hawa huɗu. Ni ina hawa na uku, shi yana na huɗu, daidai saman kaina, ƙarƙashin rufin kankare, da taga guda da ke kallon yamma. Matarsa ta rasu tun kafin in tare a gidan. 'Yarsa ɗaya ce, nas ce a wani asibiti can nesa, sai ta samu hutu take zuwa. Ni kuwa tun da aurena ya mutu ba ni da abokin hira sai keke da rediyo. Masu kawo ɗinki su zo, a gwada su, su yi ƙorafin hannun riga, su tafi.

Kullum ƙarfe goma saura kwata zan ji saukowarsa. Idan ya iso ƙofata sai ya ƙwanƙwasa da kan sanda sau uku, ba ya jiran amsa, ya wuce. Lambun gwamnati yake zuwa, wani ɗan fili mai itatuwa da bencina da ke bayan gadar sama, tafiyar minti ashirin ga mai ƙafa, arba'in gare shi. Can yake wuni. Bayan biyar na yamma zai dawo, ya sake ƙwanƙwasawa, wannan karon ya jira in buɗe, ya miƙo mini ganye guda da ya tsinko.

"Taɓa ki ji," zai ce. "Daga can yake."

Ni dai ganye nake ji. Sai in ajiye a kan keke in ce na gode, washegari in share shi tare da ƙyallaye.

Mako guda kafin wannan safiyar aka kawo shi gida a tasi, jini ya ɓata masa gaban riga. Mai ban ruwan lambun ne ya rako shi, ya damƙa shi ga mai shagon ƙasa ya juya, ban ma gan shi ba. Da yamma 'yarsa ta kira ni tana kuka.

"Yaya, don girman Allah ki taimake ni. Wannan zafin da ake yi, tsoho kamar Baba yana yawo a rana? Jiri ne ya kwashe shi, na sani. Yau gira ce, gobe mota ce za ta bi ta kansa. Ba ya jin maganata. Ki ɗauke sandar kawai, ba zai iya fita titi babu ita ba. Zan aiko da fanka."

Ta aiko kuwa, sabuwa fil, doguwa mai tsayawa da ƙafarta. Ni na hau da ita, na haɗa masa, da zan fito na zare sandar daga bayan ƙofa na sauko da ita a cikin kwalin fankar. Ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

"Ba rana ce ta kayar da ni ba," ya ce da ni a wannan safiya ta uku, har yanzu yana bakin ƙofa. "Tiyo ne. Tiyon ban ruwa aka bari a kan hanya, ya harɗe ni. Sau nawa zan faɗa?"

"Haka kowane tsoho yake cewa, Baba. Ba a taɓa yin wanda ya ce jiri ne ba."

Ya shafa filastar da ɗan yatsa, ya yi wata 'yar dariya. "Ke da 'yata, ku dai bi a hankali. Kada garin neman gira ku rasa ido."

Na ce ya shigo ya zauna in haɗa masa shayi. Ya shigo. A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ji daɗin zuwansa. Shekara shida ina samun ƙwanƙwasa uku da ganye guda, yanzu ga mutum zaune a kujerar masu jiran gwaji, yana faɗa da ni har azahar. Ban tuna rabon da wani ya zauna a ɗakina don ni ba. Ko da zuciyata ta ce in miƙa masa abarsa, wani ɓangare nata yana cewa bari dai zuwa gobe.

Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini damtsensa biyu. Ɗaya ya fi ɗaya baƙi sosai, har yanzu, bayan shekarun nan da barin aiki.

"Wannan shi ne hannun taga. Shekara talatin yana waje. Babu ma'aunin asibitin da ya kai shi sanin zafin garin nan. Ko ido rufe aka ɗora ni a bas, zan gaya miki unguwar da muke. Idan muka biyo ta kasuwar 'yan taya, inda babu ko tsinken ciyawa, iskar kamar daga bakin tanderu. Muna karyo kwanar lambu sai in ji an shafa mini ruwa a gwiwar hannu. Ba ni kaɗai ba, har motar. Allurar zafin inji da ta miƙe tsaye, kafin mu wuce itatuwan nan sai ta ɗan kwanta. Yaran garejin suna cewa ƙarya nake, na ce su zo su zauna a gaba su gani."

"Inuwa ce kawai, Baba. Nan ma ai inuwa ce. Rufi ne a kanka."

"Rufi daban, itace daban. Itace gumi yake yi kamar mutum, yana shan ruwa a ƙasa yana fesar da shi a sama, iskar da ta ratsa shi sai ta huce. Kankare kuwa ma'aji ne. Ya wuni yana tara rana, da yamma ya juye mini ita a ka. Da can akwai darbejiya bakwai a gaban gidan nan, kafin a faɗaɗa titi a yi wajen ajiye motoci. Lokacin ko fanka ba mu da ita."

Na ce masa kowa ma zafin yake ji, ya yi haƙuri zuwa ruwa ya sauka. Ya shanye shayinsa ya haura yana dafa ƙarfen bene da hannu biyu.

Zafin shekarar nan ba na wasa ba ne. Man keke ya riƙa tsinkewa yana ɗiga a kan yadi, allin da nake zane da shi yana manne wa yatsa. Kuma ga aiki ya sha mini kai, wata makaranta ta ba ni kayan ɗalibai guda arba'in, ana so kafin ƙarshen mako. Rana ta huɗu ya sauko, ta biyar ma ya sauko. Ya daina tambayar sandar, sai ya koma ba ni labarin hanyarsa, dalla-dalla, kamar mai koya wa sabon direba.

"Kina fita ƙofa ki manne da layin shaguna, kada ki tsallaka. Rumfunansu za su kai ki har kantin magani. A nan za ki tsallaka, wajen danja. Sai bangon makaranta, shi dogo ne, inuwarsa tana kaiwa goma da rabi. Daga ƙarshensa ne wahala take, filin ajiye motoci, taku sittin babu mafaka. Kada ki yi sauri, sauri ne ke kawo haki. Kina gamawa kin shiga ƙarƙashin gadar sama, ki tsaya ki huta. Daga nan za ki fara jin ta."

"Jin wa?"

"Iskar lambu. Tana fitowa tarye, ba ta jira ki shiga."

"To ni me zan je yi can, Baba? Wa zai yi mini ɗinkin?"

"Na dai gaya miki," ya ce.

Rana ta shida bai sauko ba. Da la'asar na ɗauki gorar ruwa mai sanyi na hau. Tun daga tsakiyar matakala na ji iskar ta canza, ta yi nauyi. Da ya buɗe ƙofa sai na ja baya. Ɗakina da nake kuka da shi ashe aljanna ne. Rana ta dallo ta tagar yamma ta kwanta a kan gadonsa, ya rataya tsohon bargo amma bai rufe duka ba. Fankar tana ta juya kai dama da hagu, tana kwaso zafi daga wannan bango tana kai wa wancan. Yana sanye da singileti, da jiƙaƙƙen tawul a wuya wanda ya riga ya bushe ta gefe.

"Ɗora hannunki a bangon nan," ya ce.

Na ɗora. Kamar gefen tukunyar da ba a daɗe da saukewa ba.

"Ka riƙa saukowa wajena mana, Baba. Ai ya fi nan."

"Kina da aiki. Kuma matan mutane suna zuwa gwaji, ba ya kyautuwa su tarar da tsoho a zaune." Ya sha ruwan kaɗan ya ajiye. "A lambu, benci na uku daga famfo nake zama. Akwai wani mangwaro a kansa da ba ya 'ya'ya, sai ganye. Ban san ko wani ya gaje mini wurin ba."

Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa, ko ya yi faɗa, da na san abin da zan ce. Na tsaya ina kallon hoton matarsa da ke jingine a kan akwati, da takalmansa na fita da ya jera a bakin ƙofa, a goge. A raina na yanke cewa zan mayar masa da sandar, in ma raka shi da kaina in ga wannan lambu da ya ɗauke masa hankali. Amma riguna goma sha ɗaya suka rage mini, kuma ina so in fara kiran 'yarsa don kada ta ce na ci amanarta.

"Jibi, Baba," na ce. "Bari in miƙa kayan nan. Jibi za mu yi magana."

"Allah ya kai mu," ya ce, ya raka ni da ido har ƙofa.

Washegari na ji motsinsa da safe, jan kujera, da ƙarar famfo. Na duƙufa a kan keke ban ɗago ba sai wajen uku da rabi, da zare ya ƙare mini. Da keken ya yi shiru sai na lura babu wani motsi a samana sai gurnanin fanka. Na ɗauki ruwa na hau. Na ƙwanƙwasa, na kira, na sake kira. Ƙofar ba a kulle take ba.

Yana zaune a ƙasa ya jingina da bangon da ke nesa da taga, wajen da ya fi dama-dama a ɗakin. Ya sa rigarsa ta fita da hula, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Fanka tana juyowa ta ɗaga gefen rigarsa, ta wuce, ta dawo. Na durƙusa na taɓa hannunsa, wannan baƙin na taga. Da ɗumi, amma ɗumin ɗakin ne.

Ban yi ihu ba. Na kashe fankar, na sauka na kira mai shago.

Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, zafi ya yi mata yawa. Ya ce a makon nan sun ga irin haka da dama, yawanci tsofaffi masu zama su kaɗai a saman bene. 'Yarsa ta iso washegari, aka yi abin da ake yi, aka kai shi makwancinsa. Mutanen gidan da ba su taɓa hawa hawa na huɗu ba duk suka hau, suna fifita da kwali suna cewa kai, ashe haka ɗakin nan yake.

Da za ta koma ta shigo wajena ta riƙe hannuna biyu. Idanunta sun kumbura.

"Yaya, kin yi iya ƙoƙarinki. Ba don ke ba da a titi za a tsince shi. Ko ba komai ya cika a ɗakinsa."

Na bar ta a kan hakan. Ita ma tana buƙatar abin da za ta riƙe ta hau mota da shi. Ta ce in ɗauki fankar, na ce a ba mai shago. Ba ta tambayi sandar ba, ni ma ban tuna mata ba.

Na miƙa kayan makaranta a kan lokaci. Bayan nan sai ɗakin ya yi mini faɗi. Goma saura kwata ta yi, in ga ƙafata ta tsaya da kanta a kan keke, ina sauraron matakala. Biyar ta wuce, babu wanda ya taɓa ƙofar. Da na sani ƙeya ce, kowa ya san wannan, amma ba wanda ya gaya mini cewa a kunne take zama.

Ranar da ya cika kwana tara na janye bandiran yadin. Sandar tana nan, ƙura ta ɗan hau ta, wajen riƙon ya yi santsi saboda tafin hannunsa. Na ɗauke ta na sauka.

Na manne da layin shaguna har kantin magani. Na tsallaka a danja. Inuwar bangon makaranta ta rage kamar faɗin tabarma, na bi ta a gicciye. Filin motocin na ƙirga, taku arba'in da biyu ne a ƙafata, kwalta tana kama takalmi, gilasan motoci suna watso rana a ido. Na shiga ƙarƙashin gada na tsaya ina haki. Ina nan tsaye sai na ji wani abu ya taɓa mini wuya da bayan kunne, sanyi-sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban ko hango ƙofar lambun ba tukuna.

Wurin bai kai yadda na zata ba. Itatuwa ne da ba su fi talatin ba, da ciyawa da ta ƙone ta wani gefen, da bencina na siminti. Wata mata tana shayar da jariri, wasu ma'aikata biyu sun cire takalma suna barci a kan ciyawa. Wani mutum mai dogon takalmin roba yana jan tiyo. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya saki tiyon ya nufo ni.

"Baiwar Allah, wannan ba sandar Baba ba ce? Ina ya shiga? Kwana da kwanaki ina duba hanya."

Na gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Allah ya jiƙansa. Wallahi tun ranar nan ban samu sukuni ba. Ni na bar tiyo a kan hanya na je kashe famfo, ya zo ya harɗe. Na ce ko fushi ya yi da ni ya daina zuwa." Ya nuna mini gefen hanyar, inda ya kafa wasu ƙananan ƙarafa. "Kin ga, har maƙalai na yi masa, yanzu ta gefe nake bi da shi. Na ce idan ya dawo zan nuna masa."

"Bai yi fushi da kai ba," na ce. "Kullum yana so ya zo."

"To me ya hana shi?"

Na dubi sandar. Shi ma ya dube ta, ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya nuna mini bencin da hannu ya koma wajen tiyonsa.

Na uku daga famfo. Babu kowa a kai. Na zauna a gefe ɗaya, na jingine sandar a ɗaya gefen. Simintin da sanyi, har yana ratsa zane. Can bayan shinge motoci suna ta wucewa cikin rana, wata bas ta karyo kwana, direban ya fito da gwiwar hannunsa ta taga. Gumin bayana ya fara bushewa. Na miƙa hannu na tsinko ganye guda daga reshen da ya sunkuyo, na ɗora shi a tafin hannuna na rufe.